Yadda Ake Gane Baƙin Cakulan Na Ƙwarai

Wanda ya saba cin goro ba sai an gaya masa ɗaci iri-iri ne ba. Akwai ɗacin da ke barin zaƙi a baki, akwai kuma wanda ke sa mutum ya tofar. Haka yake ga baƙin cakulan, wato wanda ba a sa masa madara ba, sukarinsa kuma kaɗan ne. Yawancinmu mun fi sanin mai madara, wanda yara suke so. Amma da baƙin ake gane aikin manomi, gama babu abin da zai rufe aibinsa.

Da ƙwayar koko ake yin cakulan. Ba kokon gero muke nufi ba, itace ne wanda asalinsa daga Amurka ta Kudu ne. 'Yan mishan na Basel sun gwada shuka shi a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, amma bai bazu ba sai bayan da Tetteh Quarshie ya kawo irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879. Yau Ghana da Kwaddibuwa ne suke noma kimanin rabin kokon duniya. Mutanenmu da yawa sun yi cirani a gonakin koko na Ghana da na ƙasar Yarbawa, sun san wahalarsa.

To, in cakulan ya zo hannunmu, yaya za mu gwada shi?

Da fari mu karanta takardarsa. In an rubuta 70%, ma'ana kashi 70 cikin ɗari koko ne da mansa, saura kuwa galibi sukari. Amma lamba ba ita ce kyau ba. In an ga an sa wani mai dabam a maimakon man koko, to, an rage masa daraja.

Sa'an nan mu duba da ido. Na ƙwarai yana da sheƙi, fuskarsa sumul. In ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, sau da yawa zafi ne ya narkar da mansa ya sāke daskarewa. Ba ya cutarwa, sai dai laushinsa ya tafi. Mu karya shi kusa da kunne: ya kamata ya ce ƙas, ba ya lanƙwashe ko ya marmashe ba. Mu sansana: in da warin hayaƙi ko na funfuna, laifin daga wurin shanya ne.

Daga nan sai harshe, nan kuwa ake bukatar haƙuri. Kada a tauna. A ɗora ɗan guntu a harshe a bar shi. Man koko yana narkewa a zafin da bai kai na jikin mutum ba, saboda haka na ƙwarai zai narke sarai, ba tsaki, ba kitse mai manne wa dasashi. Wannan laushi ya samu ne tun 1879, sa'ad da Rodolphe Lindt na Suwizalan ya ƙera injin da ke ta murza cakulan sa'o'i masu yawa. Ɗaci zai fara zuwa, sai ɗan tsami, sai ƙanshi mai daɗewa bayan an haɗiye. Bauri mai kama baki kuwa alama ce ta aikin gaggawa.

Akwai kuma abin da Faransawa suke kira truffe. Ana dama cakulan da kirim ɗin madara mai zafi, a bari ya huce, a cuccura, a mirgina cikin garin koko. Sunan na wani naman kaza ne mai tsada da ake haƙowa daga ƙasa, don sun yi kama. Mai kyau cikinsa lumus yake, zaƙi bai danne ƙanshin koko ba. Da yake da madara a ciki, ba ya jimawa. Sai a ajiye shi a wuri mai sanyi, a ci da wuri.

Amma fa duk gwanintar masana'anta ba ta gyara abin da aka ɓata a gona. Bayan an fasa kwanso, akan tara ƙwayoyin da farin yauƙinsu a rufe da ganyen ayaba kamar kwana shida, ana juyawa, kusan yadda uwayenmu suke rufe kalwa ta zama daddawa. Can ne ƙanshin yake haihuwa. Sai a shanya a rana har su bushe sarai. Manomin da bashi ya matsa masa yakan so ya rage kwanakin, ko ya busar da wuta. Daga waje ba a ganewa. Shi ya sa masu duba koko sukan ɗebi ƙwayoyi daga buhuna su tsaga da wuƙa. Mai kyau cikinsa ruwan ƙasa ne. Wanda ba a rufe ba launin toka yake. Koko mai daraja ta ɗaya, ba a yarda masu launin toka su wuce uku cikin ɗari ba, haka ma masu funfuna. Wannan tsanani ne ya sa kokon Ghana ya yi suna a kasuwar duniya.

'Yan'uwa, akwai abin koyo a nan. Aikin da aka yi a ɓoye ƙarƙashin ganyen ayaba, harshen wani da ke nesa ne yake tona shi. Ko hatsi muke aunawa, ko ɗinki muke yi, ko renon 'ya'ya, Ubangiji yana ganin cikin ƙwaya tun ba a tsaga ba. Mu kuma tuna da manoman koko cikin addu'a. Abin da ke isa hannunsu daga kuɗin cakulan kaɗan ne, har a wasu wurare yara suna aikin da ya fi ƙarfinsu maimakon zuwa makaranta. Allah ya ba su ladan guminsu, mu kuma ya ba mu aminci cikin ƙaramin abu. Amin.