Takunkumin Baba: Yadda Barci Ya Koma Abin Saye da Dala

Duk wanda ya taɓa kwana a hostel ya san mai minshari. Kowane ɗaki da nasa. Akwai wanda ake jifa da filo, akwai wanda ake naɗar sautinsa a waya a tura guruf da safe a yi ta dariya. Ni ma na yi wannan tsiyar, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya kashe mini dariyar shi ne mahaifina.

Tun muna yara minsharin Baba sananne ne a gidanmu. Umma ce kaɗai take cewa ita ba ƙarar ce ke damun ta ba, shirun da ke tsakani ne. Sai ya yi ta ja, ya yi ta ja, can sai ɗif, kamar an ɗauke wuta. Takan zauna tana kallon ƙirjinsa tana ƙirge, sai kuma ya zabura da wata irin shaƙa kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya juya ya ci gaba. Da safe in ta gaya masa sai ya ce, "Ke dai kin cika tsoro, gajiya ce kawai." Alhali kullum da ciwon kai yake tashi, yana gyangyaɗi a wurin aiki, yana gyangyaɗi ana huɗubar Juma'a, hawan jininsa kuma ya ƙi jin magani. Wani ɗan uwa har shawara ya kawo a kai shi wurin wanzami a cire masa belu. Allah ya taimaka ba a yi ba. Ranar da barci ya sace shi yana tuƙi, mota ta sauka daga titi ta tsaya a cikin gonar dawa, ranar ce gardama ta ƙare.

Bayan gwajin barci, wanda aka ɗaura masa wasu wayoyi ya kwana da su, likita ya ce ciwon shi ne ɗaukewar numfashi a cikin barci. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da tushen harshe sukan saki. Ga wasu, musamman mai ƙiba ko mai kaurin wuya ko mai ƙaramar haɓa, sakin nan yakan toshe hanyar iska. Minshari ƙarar iskar da ke kutsawa ta matsattsiyar hanya ce, shirun da Umma ke ji kuwa hanyar ce ta rufe gaba ɗaya. Iskar oksijin sai ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na 'yan daƙiƙoƙi don ya shaƙa, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Likitoci suna ƙirga kowace ɗaukewa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10. In ta kai sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya, ciwon mai sauƙi ne. In ta kai 30 ko fiye, ya yi tsanani. Na Baba ya haura 40. Ku lissafa, kusan kowane minti ɗaya da rabi ke nan yana farkawa, dare bayan dare, shekara da shekaru. Irin wannan yana da alaƙa da hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da haɗarin mota. Kuma ba ciwon 'yan tsiraru ba ne: wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 suna da shi a duniya. Ba kowane mai minshari ne ke da ciwon ba, amma wanda minsharinsa ke yankewa ya dawo da shaƙa, wannan a duba shi.

Maganin da aka fi amfani da shi na'ura ce da ake kira CPAP. Ba oksijin take bayarwa ba, iskar ɗaki ce take zuƙa ta tura ta cikin tiyo zuwa wani takunkumi da ake ɗaurawa a hanci, ko hanci da baki. Ƙarfin iskar ne ke riƙe maƙogwaro a buɗe. Wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar a birnin Sidni, ya buga sakamakonsa a 1981. Mu 'yan sashen lantarki abin da zai burge mu shi ne, da injin na'urar shara mai zuƙe ƙura ya fara, ya juya ta ta riƙa hurawa maimakon zuƙa.

Dangi suka yi karo-karo, Umma ta sayar da raguna biyu da take kiwo, aka sayi na'urar. Daren farko Umma ta kasa barci saboda shiru. Cikin sati biyu Baba ya zama wani mutum daban, har yana zama kallon ƙwallo da mu ba ya ɓingirewa. Muka ce alhamdu lillahi, an gama kashe kuɗi. Ashe farawa aka yi.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu na bakin get ya san zancen firinta da tawada. Firinta sau ɗaya ake saye, tawada ce ke cin mai shago har abada. To haka CPAP take. Na'urar takan yi shekara biyar ko fiye. Amma takunkumin yana da wata roba mai laushi ta silikon da ke kwanciya a fatar fuska, mu a gida "leɓe" muke ce mata. Ita ce ke hana iska tsiyaya. Maiƙon fuska da zufa suna cin ta a hankali, ta saki, ta daina kamawa. Da zarar ta fara yoyo, ƙarfin iskar da ke isa maƙogwaro ya ragu, iska ta riƙa busa wa mutum ido. Sai ya ƙara ɗaure madaurin kai don ya toshe, madaurin ya miƙe, karan hanci ya yi gyambo. Ƙarshenta cikin dare mutum ya fizge abin ya jefar, minshari ya dawo. Na'urar da aka sayar da raguna aka saya tana nan lafiyarta ƙalau, amma saboda 'yar roba da ba ta cika tafin hannu ba ta zama kayan ado. Haka ta faru da Baba a wata na biyar.

Da na shiga intanet neman sabo ne na gane inda aka tsara wannan kasuwa, da kuma waɗanda aka tsara ta dominsu. A Amurka, shirin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicare yana da jadawalin abin da yake biya: sabon takunkumi duk wata 3, tiyo duk wata 3, madaurin kai da tankin ruwa duk wata 6, leɓe na takunkumin hanci da baki duk wata, filta guda biyu a wata. Kamfanonin inshora da yawa a can wannan jadawali suke bi, masu sayar da kayan kuma sun gina cinikinsu a kansa. Wato an sa farashin ne da tunanin akwai inshorar da za ta ɗauki kaso mafi girma. Duk da haka su kansu Amurkawan suna kuka, domin wanda ba shi da inshora, ko wanda tasa ba ta fara biya sai ya kashe wani adadi daga aljihunsa, shi ke ɗaukar nauyin. A can ma sai da takardar likita ake sayar wa mutum cikakken takunkumi. Mu a nan farashinsu muka gada, ba mu gaji inshorarsu ba. Wadda Baba yake da ita ta wurin aiki ba ta ɗauki ko sisi ba.

Dalili na biyu, masu ƙera kayan ba su da yawa. Manyan su ne ResMed, wanda aka kafa a Ostareliya a 1989, da Philips Respironics, da Fisher & Paykel na ƙasar Niyu Zilan. Kowanne yana da haƙƙin mallakar fasalin takunkuminsa, kuma leɓen wannan ba ya shiga na wancan. Kai, ko a kamfani ɗaya, leɓen wani samfuri ba ya hawa kan wani. In ka sayi takunkumi, ka ɗaure kanka da su ke nan. Ba na cewa duk tsadar zalunci ce. Silikon na asibiti ba robar silifas ba ce, kuma ƙera abin da zai zauna a fuskoki iri-iri awa bakwai ba yoyo ba ciwo aiki ne na gaske. Amma ni dai a ganina, kuɗin ƙera wannan 'yar roba bai kai kusa da abin da ake karɓa ba, rashin abokin gasa ne ke magana.

Sai kuma abin da ya faru a Yunin 2021. Kamfanin Philips ya sanar da janye miliyoyin na'urorinsa, saboda soson da aka sa a ciki don rage ƙara yana iya rududdugewa, mai barci ya shaƙi ɓurɓushinsa. Hakan ya zo daidai lokacin da duniya ke fama da ƙarancin ƙananan sassan lantarki, sai na'urori suka yi wuya, farashi ya tashi. A 2024 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.1 don sasanta ƙararrakin waɗanda suka ce sun cutu a Amurka. Na kawo wannan ne saboda mu mutanen gwanjo ne. Duk wanda zai sayi na'urar hannu, ya duba sunanta da ranar ƙera ta. Samfuran DreamStation na farko da System One da aka ƙera kafin ƙarshen Afrilun 2021 suna cikin waɗanda aka janye, kuma zafi da laima suna ƙara saurin lalacewar soson. Zafi kuwa ai ba a gaya mana shi.

Babban dukan dai na canji ne. Takunkumi mai kyau na hanci da baki yakan haura dala 100 a can inda ake sayar da shi. Kafin Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, dala 100 naira 46,000 ce. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500, dala ɗarin nan ta koma 150,000. Ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa ribar mai shago ba, wanda shi ma kayan sukan daɗe a kantarsa tunda masu saye ƙalilan ne. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci bai sayi takunkumi ɗaya ba, abin da jadawalin Amurka ke cewa a canja sau huɗu a shekara.

Ƙasarmu ma tana ƙara nata. Filtar da Bature zai yi wata da ita, a hunturu sati ɗaya ta koma ja da ƙura. Sannan man basilin da muke lafta wa fuska saboda kaushi yana lalata silikon. Wannan mun gano shi ne bayan mun yi asarar leɓe guda. Ga kuma wuta. Na'urar tana son lantarki tun daga kwanciya har asuba, wanda kun san ba mu da wannan gatan. A nan ne karatuna ya yi rana. In aka kashe sashen da ke ɗumama ruwa, cin wutarta bai kai na fankar silin ba. Wasu na aiki da bolt 12, wasu 24, don haka da batir da wayar da ta dace ana iya ba ta wuta kai tsaye ba sai an bi ta inbata ana asara ba. Na haɗa wa Baba, da ƙaramin faifan sola da ke caja shi da rana. Tun daga nan "Injiniya" yake kira na, ko da aike zai yi mini.

Abin da ya ɗan rage mana nauyi shi ne gano cewa bakin tiyo kusan ɗaya ne a yawancin na'urori, faɗinsa milimita 22. Ba dole ne takunkumi ya zama na kamfanin da ya yi na'urar ba. Akwai na kamfanonin China irin su BMC da suka fi araha nesa ba kusa ba. Sannan in leɓe ne ya mutu, shi kaɗai za a nema, ba sai an sayi duka ba. Kullum da safe Umma tana wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, ta shanya a inuwa. Ba a sa masa bilic, ba a sa shi a rana. Baba kuma yana wanke fuska kafin ya kwanta. Da wannan muke jan leɓe ɗaya ya yi watanni. Madaurin kai kuwa, da ya miƙe, telan unguwarmu na kai wa ya rage shi ya sa sabon abin mannewa, naira 500 ya karɓa.

Amma akwai dabarar da ba a yi, kuma saura ƙiris mu yi ta. Wata rana na tarar da ƙanena riƙe da salatif zai liƙe wasu ƙananan huji da ke gaban takunkumin, wai ya gano inda iska ke zuba. Waɗannan hujin da gangan aka yi su, ta nan iskar da mutum ya fitar take fita. In aka toshe su, numfashin da ya fitar shi zai riƙa mayarwa ciki. Takunkumin hanci da baki kuma yana da wani ɗan murfi da ke buɗewa da kansa in wuta ta ɗauke, don mutum ya shaƙi iskar ɗaki. Shi ma ba a taɓa shi. Haka ƙarfin iskar na'urar, likita ne ke saita shi, ba Injiniya ba.

Yanzu haka leɓen da Baba ke amfani da shi ya fara tsagewa ta gefen hagu. Akwai ɗan ƙanwar Umma da zai dawo daga Dubai bayan salla, na tura masa hoton kwalin da lambar samfurin da girman, matsakaici, har sau uku don kada ya kuskure. Da na kira gida jiya na tambayi Baba ko zai kai lokacin, sai ya ce, "Injiniya, ai na koyi kwanciya ta ɓangaren dama. Kai dai ka ji da jarrabawarka."