Yadda Ake Sarrafa Farar Hodar Da Ke Ba Fenti Haske Da Ƙarko

Idan mutum ya jingina da bango ya tashi da farar ƙura a bayan rigarsa, fentin ne ya fara ruɓewa. Sau da yawa matsalar tana komawa ga farar hodar da aka haɗa shi da ita, wato sinadarin titaniyom dayoksaid.

Ana samun hodar daga ma'adinai biyu, ilmanait da rutail. An fara sarrafa ta a masana'antu a Norway da Amurka a wajajen 1916, kuma sannu a hankali ta maye gurbin farar dalma mai guba da ake zubawa a fenti a da.

Hanyoyin tace ta biyu ne. A ta farko, ana narkar da ilmanait a asid ɗin salfa, a ware baƙin ƙarfen da ke cikinsa, sannan a gasa abin da ya rage. A ta biyu, wadda ta bazu daga shekarun 1950, ana amfani da iskar kulorin cikin zafi mai tsanani. Burin duka biyun shi ne kowace ƙwaya ta kai kimanin maikuron 0.25, domin a wannan girman ne take watsa haske sosai, ta rufe launin bango.

Sai dai tsuran hodar tana da illa. Idan hasken rana ya buge ta, takan haddasa lalacewar danƙon da ke riƙe fentin, shi ya sa bango ke yin gari. Don haka masana'antu ke jiƙa ta a ruwa, su lulluɓe kowace ƙwaya da siririn rufi na silika da alumina. Silika na raba ƙwayar da danƙon, alumina kuma na hana ƙwayoyin dunƙulewa. Daga nan a wanke, a busar, a niƙe ta da tururi mai ƙarfi.

Najeriya na da ilmanait a tarkacen haƙar kuza na Jos, tana kuma da farar ƙasa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alƙaleri ta Jihar Bauchi, wadda ake gaurayawa don rage tsadar fenti. Amma masu haɗa fenti a ƙasar sun dogara da titaniyom dayoksaid na ƙasashen waje, saboda haka faɗuwar darajar naira na shafar farashin kowane bokiti. Fentin da aka rage wa wannan hoda aka cika shi da alli yana da araha, sai dai ba ya rufe bango da kyau, kuma maigida kan sake shafa wani tun kafin lokaci.