Hikimar Jifa Mai Nisa a Wajen Kamun Kifi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Gulbin Rima da rani, a Argungu ko Birnin Kebbi, ya ga yadda mai fatsa yake ƙoƙarin tura ƙugiyarsa can tsakiyar ruwa. Shin mene ne dalili?

Da farko, kifi yana da wani siririn layi a kowane gefen jikinsa, wanda da shi yake jin motsin ruwa. Haka kuma ƙara tana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, fiye da ninki 4 na gudunta a iska. Saboda haka takun mutum a gaɓa kan kori kifi. Na biyu, idan ruwa ya janye, manyan kifaye irin su giwan ruwa sukan koma gurabe masu zurfi, ƙanana kuwa su fake cikin ciyayin gefe.

To, yaya ake samun nisa? Masu fatsa a bakin teku a Ingila sukan yi amfani da sanda mai tsawon kimanin mita 4 da dalma mai nauyin giram 150, har jifarsu ta wuce mita 100. Asirin ba ƙarfin damtse ba ne. Doguwar sanda tana ƙara wa dalma gudu, siririn zare yana ratsa iska cikin sauƙi, sannan ana sakin jifa a karkace, wajen digiri 45.

Ribar ta wuce ta yini guda. Wanda ya jefa nesa yakan samu babba, ya bar ƙanana su girma su hayayyafa, domin masuntan baɗi su ma su samu abin kamawa.