Yadda Za Ka Haɗa Tankin Murjani Na Farko Marar Wahalar Kulawa

Idan ka saita tankin murjani daidai, yawancin aikin shi zai riƙa yi da kansa.

Fara da mai cin lita 75 zuwa sama, domin ruwa mai yawa ba ya saurin lalacewa. Zuba gishirin tanki na musamman, kimanin giram 35 a kowace litar tataccen ruwa, zafinsa digiri 24 zuwa 26.

Kada ka saka kifi sai bayan mako 4 zuwa 6, lokacin da bakteriya masu cinye gubar kashinsu suka zauna jikin duwatsu.

In ruwa ya ragu, ƙara marar gishiri, don gishirin yana nan. Sannan ka tanadar wa famfo batir, saboda ɗaukewar wuta ta 'yan awanni tana iya kashe kifin.