ABALA: ZAMAN ƘAUYE A BAKIN DALLOL

Abala tana arewa da Filinge, cikin ƙasar Kurfai, jahar Tilaberi. Daga Yamai tafiyar kilomita kamar 250 ce. Hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Balleyara da Filinge, ita ce ke ratsa Abala da Sanam ta nufi Tawa. Daga arewa kuma iyakar Mali ce.

A da, Abala tana ƙarƙashin Filinge. A shekarar 2011 gwamnati ta mai da ita gunduma mai zaman kanta, da ƙananan hukumomi biyu: Abala da Sanam. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 140 a gundumar. Mafi yawansu a ƙauyuka da rugage suke zaune. Akwai Kurfayawa, da Fulani, da Buzaye, da Zabarmawa. A kasuwa Hausa ce ke haɗa kowa.

Arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa

Babbar kyautar da Allah ya yi wa wannan ƙasa ita ce Dallol Boso. Tsohon gulbi ne wanda ya ƙafe tun zamanin da ba mai tunawa. Ya taso daga Azawak, ya gangara kudu har ya faɗa kogin Kwara. Ruwansa bai tafi duka ba, yana nan kwance ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa rijiyar cikin kwari ba ta da zurfi kamar rijiyar kan tudu. Shi ya sa kuma gawo da goruba suke son wurin.

Ruwan sama kuwa kaɗan ne. Damana wata uku ce, wani lokaci ba ta kai ba. Manomi yana shuka hatsi da wake, amma ba kowace shekara rumbu ke cika ba. Tsofaffi suna ba da labarin yunwar 1931, shekarar da fara ta cinye gonaki. Farin 1973 da na 1984 sun kashe bisashe masu yawa. A 2005 da 2010 ma an sha wuya.

Saboda haka, da an gama girbi sai samari su ɗauki jaka su tafi cin rani. Wasu Yamai, wasu Najeriya, wasu Gana ko Kwaddibuwa, wasu Libiya. Ƙauye ya rage daga mata sai yara sai tsofaffi. Mace ce ke jan ruwa, ita ke daka, ita ke neman itace, ita ke kiwon awaki. Kuɗin da ɗan cin rani ke aikowa yana rufa asiri, amma in ya makara bai dawo ba, gona ce ke kwana cikin ciyawa.

Saniyar Azawak

Arziki na biyu shi ne kiwo. Saniyar Azawak ta yi suna wajen nono, ba a Nijar kaɗai ba, har Mali da Burkina Faso. Tana jure zafi, tana jure tafiya. Tun 1954 akwai gidan kiwo na gwamnati a Tukunus, kilomita kamar 20 arewa da Filinge, inda ake zaɓen irin wannan saniya ana kyautata shi. Matan yankin kuma sun ƙware wajen yin cuku, wanda ake kaiwa har kasuwannin Yamai.

Malaman dabbobi suna cewa: saniya 10 masu ƙoshi sun fi 30 masu rama. Makiyayin da ya sayar da tsofaffin shanu bayan girbi, lokacin da suke da nama kuma hatsi na da araha, ya ci riba. Wanda ya jira har bazara, zai ba da sa a kuɗin rago. Allurar rigakafi ta kowace shekara ma wajibi ce, don ciwon huhu in ya shiga garke ba ya tsayawa kan saniya ɗaya.

Manomi da makiyayi

Mutane sun ƙaru, gonaki sun ƙaru, daji ya ragu. Nan ne rigima ke tasowa: an nome burtali, ko an toshe mashaya, ko shanu sun shiga gona kafin a kwashe damma. Dokar ƙasar noma da kiwo ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye. Aikinsu shi ne shata burtali da makiyaya, da rubuta takardar gona in an saya ko an ba da aro ko jingina. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa. Kowace shekara hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki. In an yi ɓarna, wurin maigari da kwamiti ake zuwa, a auna ɓarnar a biya. Sanda ba ta taɓa raba gardama ba. Manomi na bukatar taki da nono, makiyayi na bukatar hatsi da kara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masifar tsaro

A 2012 yaƙi ya ɓarke a arewacin Mali. Dubban ƴan gudun hijira suka kwararo, aka kafa musu sansani a Abala. Mutanen gari suka karɓe su, aka sha rijiya ɗaya. Daga baya ƴan bindiga suka riƙa ƙetaro iyaka. A watan Maris na 2017 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a gundumar. An kore dabbobi, wasu makarantu sun rufe, wasu ƙauyuka sun tashi sun bar gonakinsu. Ƙauyen da mota ta daina zuwa ya zama kamar gungu a tsakiyar kogi: mai ciwo ba ya isa likita, mai akuya ba ya isa kasuwa. Wannan ya sa kowa ya gane zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ina mafita?

Mafita ta farko ita ce garka. Bayan farin 1984, Shugaba Saini Kunce, ɗan Fandu a ƙasar Filinge, ya kira jama'a ga noman rani. Mutanen Bankuku, cikin wannan dallol daga kudu, sun riƙe aikin da hannu biyu, har dankalin turawansu ya yi suna a Yamai. Inda ruwa ke kusa, rijiya ɗaya da shinge mai kyau sun isa a samu albasa, da tumatir, da kabeji, da zogala.

Ta biyu ita ce raya fako. Manoman Ilela da Keita a jahar Tawa sun gwada tassa da rabin wata, sun ga amfani. Tassa rami ne mai faɗin taƙi ɗaya. Ana gina shi da rani, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu biyu. Ruwan farko in ya sauka, ramin ya riƙe shi, sai a shuka.

Ta uku ita ce sassaben zamani. Wajen sharar gona kada a sare kowane toho. A bar biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a rage sauran. Cikin ƴan shekaru za a samu itacen wuta, da abincin bisashe, da kariyar iska. Gawo kuwa a kiyaye shi, don hatsin gindinsa ya fi na fili.

Ta huɗu ita ce rumbun tsimi na gari. A sayi hatsi da kaka, a ajiye, a sayar wa ƴan gari da sauƙi lokacin da damana ta faɗi. Rumbu yana son mai riƙon littafi, don haka karatun manya da sa yara makaranta, maza da mata, suna cikin aikin.

Ruwa na nan, ƙasa na nan, saniya na nan. Saura haɗin kai da kwanciyar hankali. Allah ya ba Kurfai lafiya da damana mai albarka, amin.