Kwana a Hamadar Arizona: Ƙasar Kowa, Wa Ke Tsaronta?

A ƙasar Hausa, idan aka ce mutum ya kwana a daji, abin da ke biyo baya jaje ne. Ko dai mota ta lalace masa, ko dare ya riske shi a hanya, ko kuma, a wannan zamani namu, an yi awon gaba da shi. Shi ya sa ranar da malamin da ke duba aikina na digirin digirgir a fannin kimiyyar ƙasa, a jihar Arizona ta Amurka, ya ce in shirya za mu je hamada mu kwana biyu, sai na tambaye shi wane samfurin ƙasa za mu ɗebo. Ya ce babu aiki, hutawa za mu je yi. Na yi shiru. Mutum da gidansa da gadonsa da ruwan famfo, ya kwashi iyali ya nufi inda ko inuwar kirki babu, ya kira wannan hutu?

Muka cika jarkoki da ruwa, kusan lita 4 ga kowane mutum a kowace rana, muka ɗauki tanti da risho da barguna, domin hamada a watan Disamba sanyinta na dare ya fi na Jos. Bayan tafiyar wasu sa'o'i muka saki kwalta muka bi wata hanyar burji. Ban ga ƙofa ba, ban ga mai yankar tikiti ba, ban ga maigadi ba. Da muka tsaya na ce, "Farfesa, filin wane ne wannan?" Ya ce, "Na kowa ne, har da kai."

Ba ba'a yake yi ba. Wata hukumar tarayya da ke kula da filayen gwamnati, wadda suke taƙaita sunanta da BLM, tana riƙe da ƙasa kimanin eka miliyan 245, akasarinta a yammacin Amurka. Faɗin nan ya ɗara Nijeriya gaba ɗayanta. Asalin filayen ragowa ne. Tun daga dokar 1862 gwamnati ta riƙa bai wa duk mai son noma eka 160 kyauta, mutane suka tsince masu dausayi suka bar busassun da garma ba ta da abin yi a cikinsu. Makiyaya suka sake wa ragowar shanu da tumaki har ƙasa ta fara mutuwa, sai aka yi dokar kiwo a 1934, aka kafa hukumar a 1946. A 1976 majalisa ta yanke cewa filayen za su zauna a hannun jama'a, mai kiwo da mai haƙar ma'adinai da maharbi da mai yawon shaƙatawa kowa da rabonsa.

Sai dai kalmar "kowa" tana da abin da ta rufe. Kafin gwamnati ta kira wurin nata, akwai masu shi. Kabilu irin su Tohono O'odham sun rayu a wannan hamada tun kafin Bature ya san da ita, kuma ba da son ransu aka keɓe su a wani yanki nata ba. Malamina bai ɓoye mini wannan ba, ni ma ba zan ɓoye wa mai karatu ba.

Ƙa'idar kwana a wurin ba ta da tsawo. A mafi yawan filayen kana iya kafa tanti kyauta har kwana 14 a cikin kowane kwana 28, daga nan ka tashi ka yi nisa, don kada baƙunta ta rikiɗe ta zama mallaka. Abin da ka zo da shi ka koma da shi, har ɓawon lemo. Amma dokar da ta fi tsaya mini a rai ta jihar Arizona ce: haramun ne ka sauka kusa da mashaya, ƙasa da rubu'in mil, ta yadda za ka hana dabbobin daji ko na gida zuwa shan ruwa. Da na ji haka sai na tuna da burtali da mashayar da kakanninmu suka ware a bakin kowane gari, waɗanda a yau gonaki da filoti suka haɗiye da yawansu, muna kuma ganin abin da hakan ya haifar.

A daren farko ban yi barcin kirki ba. Wani karen daji mai kama da dila ya yi ta kuka, ni kuwa duk motsin iska sai in ɗaga kai. Amma na ga taurari irin waɗanda rabona da su tun ina yaro a ƙauye, kafin janareta ya shigo. Da asuba na yi salla a kan yashi, na ji wata natsuwa da ban samu ba tun da na sauka ƙasar. A nan na fara gane abin da ke fito da su.

Da gari ya waye na miƙe zan yanke ta wani fili mai baƙi-baƙi, sai malamina ya daka mini tsawa kamar na doshi rijiya. Ya durƙusa ya nuna mini: abin da na ɗauka busasshiyar ƙasa ce, ashe ɓawo ne mai rai, haɗakar ƙananan halittu da gansakuka da suka saƙa kansu a saman yashi. Su ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe, su ke tsare laima, su ke sanya mata taki. Na karanta wannan a littafi, har na amsa tambaya a kansa a jarrabawa, amma ga shi na kusa taka shi da takalmi. Sawu ɗaya yana iya ɗaukar shekaru gommai kafin ya warke. A hamadar Mojave ta Kalifoniya, inda Janar Patton ya horar da sojoji a 1942, har yau ana ganin sawun tankokin yaƙinsu.

Komai na hamada haka yake, a hankali yake tafiya. Dogon tsiron nan mai ƙaya da ake gani a finafinan kaboyi, saguwaro, yakan haura shekara 50 kafin ya fid da reshen farko. Kunkurun hamada kuwa a mafitsararsa yake ajiye ruwan da zai kai shi damina. Idan yaro ya ɗaga shi don wasa, tsoro kan sa ya zubar, ka ajiye shi lafiya lau a ganinka, alhali ƙila ka yanke masa hukuncin kisa. Wuri ne da mai ɓarna ba ya ganin ɓarnarsa, domin kafin ta bayyana ya daɗe da komawa gida.

Kuma ba kowane mai tanti ne ɗan hutu ba. A wata tafiyar mun biya ta Quartzsite, ƙaramin gari mai mutum 'yan dubbai, wanda da sanyi ya shigo sai dubban ɗaruruwan baƙi su cika dajin da ke kewaye da shi da motoci masu ɗaki a ciki. A lokacin, dala 180 ke ba mutum izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Wasu masu hali ne da suka gudo wa ƙanƙarar arewa. Wasu kuwa tsofaffi ne da kuɗin fansho ya kasa biya musu haya, motar ita ce gidan. Ga irin waɗannan, filin gwamnati shi ne rufin asiri na ƙarshe. A maƙabartar garin akwai kabarin wani Haji Ali, wanda Amurkawa suka lanƙwasa sunansa zuwa Hi Jolly. Sojojin Amurka ne suka ɗauko shi daga ƙasashen daular Turkawa a 1856 don ya kora musu raƙuma, ya rasu a nan a 1902. An yi masa dala ta duwatsu da siffar raƙumi a samanta. Na tsaya na yi masa addu'a.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen can mala'iku ne. Ina ƙasar lokacin da rikicin kasafin kuɗi ya rufe ma'aikatun tarayya na kwana 35, daga 22 ga Disamba 2018 zuwa 25 ga Janairu 2019. A gandun Joshua Tree da ke hamadar Kalifoniya aka sallami yawancin ma'aikata, aka bar ƙofa a buɗe. Cikin 'yan kwanaki bandakuna suka cika, shara ta taru, wasu suka keta sababbin hanyoyi da motoci a inda aka hana, har aka kayar da wasu daga cikin itatuwan da gandun ya ci sunansu. Wani tsohon shugaban wurin ya ce gyaruwar wasu sassan za ta ɗauki shekara 200 zuwa 300. Da ma an ce idan babu kyanwa a gida ɓera ke rawa, kuma ɓeran Amurka bai fi namu kunya ba.

Abin da ya bambanta, a ganina, shi ne abin da ya faru a gefen ɓarnar. Mutanen garuruwan da ke kusa, masu hawan duwatsu da masu kantuna, suka fito da motocinsu suna kwashe shara suna wanke bandakuna, babu wanda ya aike su balle ya biya su. Jami'an tsaron BLM ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, a ƙasar da ta fi Nijeriya faɗi. Ko kusa ba za su iya gadinta ba. Dokar tana aiki ne saboda akwai isassun mutanen da idan an ce "filin gwamnati" suna jin "filina", ba su kuma jin nauyin yi wa baƙo tsawa idan ya doshi ɓawon ƙasa. Mu kuwa idan aka ce "kayan gwamnati", abin da kunne ke ji shi ne kayan da ba su da mai su. Ba haka muka gada ba: hurumin gari yana da masu kishinsa tun kafin a san ma'aikatar filaye.

A zangon karatun da ya wuce na nuna wa ɗalibaina hotunan wannan tafiya, na ce musu mu ma muna da tuddan rairayi a Yusufari ta jihar Yobe waɗanda ba su gaza na can kyau ba, kuma ina da burin wata rana in kai su su kwana a wurin. Aji ya ɗauki dariya. Wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to sojoji nawa za su raka mu?"