Kamfanin kirifto: Wace ƙasa ce ta fi arhar rajista, kuma me arhar ke jawowa?

A ƙarshen watan Fabrairun 2024, manyan jami'an kamfanin Binance biyu, Tigran Gambaryan da Nadeem Anjarwalla, suka sauka a Abuja domin ganawa da hukumomin gwamnati. Ba su koma a ranar da suka tsara ba, domin tsare su aka yi. Anjarwalla ya sulale ya bar ƙasar a watan Maris, shi kuwa Gambaryan sai da ya shafe kusan wata takwas a hannu, mafi yawansu a gidan yarin Kuje, kafin gwamnati ta janye tuhumar da take masa a watan Oktoba saboda rashin lafiya.

Uwar kamfanin tana da rajista ne a Tsibiran Cayman, dubban kilomita daga Najeriya. Nisan bai amfane ta da komai ba, saboda abokan cinikinta a nan suke, kuma Naira ake saye da sayarwa a dandalinta. Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Olayemi Cardoso, ya ce Dala biliyan 26 ta ratsa ta dandalin daga Najeriya cikin shekara ɗaya. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a watan Maris na shekarar ya daina hulɗa da Naira.

Wannan labari shi ya kamata ya zama mafarin lissafin duk mai tambayar wace ƙasa ce ta fi arhar rajistar kamfanin cinikin kuɗin kirifto. Tambayar ba baƙuwa ba ce a Abuja. Tana fitowa daga ma'aikacin da ya kusa ritaya yana tunanin inda zai zuba abin da ya tara, da wanda ɗansa ko ƙanensa ya zo masa da manhaja yana neman jari, da kuma hadimin da maigidansa ya ce ya bincika masa. Dillalan intanet kuwa a shirye suke da amsa: kamfani a tsibiri kaza cikin mako guda, babu haraji, babu tafiya.

Takardu biyu ne

Abin da tallan dillalai ke ɓoyewa shi ne bambancin takardar kafa kamfani da lasisin gudanar da sana'a. Ta farko tana tabbatar da cewa kamfani ya samu suna da matsayi a gaban doka. Ta biyu ita ce izinin karɓar kuɗin jama'a, a ajiye musu, a yi musu musaya. Ta farko kusan ko'ina arha ce. A jihar Delaware ta Amurka, Dala 300 ne ƙaramin kamfani ya biya a shekarar 2025 a matsayin harajin zama cikin rajista. Sai dai kafin ya taɓa kuɗin Ba'amurke ko ɗaya, dole ya yi rajista da hukumar tarayya ta FinCEN, sannan ya bi jihohi ɗaya bayan ɗaya yana neman lasisin aika kuɗi. Jihar New York ma tana da nata lasisin kirifto na musamman tun 2015.

Haka abin yake a gida. Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, CAC, ke ba da takarda ta farko, Hukumar Kula da Hannayen Jari, SEC, ke ba da ta biyu. Waɗanda suka zuba kuɗi a dandalin CBEX sun ɗanɗani kuɗar wannan bambanci a watan Afrilun 2025, lokacin da dandalin ya durƙushe, SEC kuma ta bayyana cewa ba ta taɓa yi masa rajista ba.

Yadda ƙofar Turai ta ƙuntata

Shekaru kaɗan da suka wuce, amsar tambayar arha ɗaya ce: Estoniya. Ƙasar ta fara ba da lasisin kirifto a 2017, kuɗin nema bai kai Yuro 400 ba, kuma mutum na iya kammala kusan komai daga ɗakinsa. Kamfanoni suka yi ta kwarara, da yawansu ba su da ma'aikaci ko ɗaya a ƙasar. Da hukumomi suka ga an mayar da sunan ƙasarsu mayafin masu halatta kuɗin haram, sai suka fara soke lasisi da ɗaruruwa. A watan Maris na 2022 aka ɗaga kuɗin nema zuwa Yuro 10,000, mafi ƙarancin jari kuma ya tashi daga Yuro 12,000 zuwa 100,000, ko 250,000 ga mai aika kuɗin kirifto a madadin wasu. Zuwa watan Mayun 2023, kamfanoni kimanin 100 ne suka rage da lasisi.

Masu neman sauƙi suka karkata zuwa Lituweniya, inda jarin Yuro 2,500 ya wadatar. A watan Nuwamban 2022 ita ma ta ɗaga shi zuwa Yuro 125,000. Wasu suka nufi Poland, inda a lokacin shiga rajistar masu wannan sana'a ke cin Zloti 616 kacal.

Dokar bai-ɗaya ta Tarayyar Turai, wadda ake kira MiCA, ita ta kawo ƙarshen wannan ƙaura. Ta fara aiki gaba ɗaya a ranar 30 ga Disamba, 2024, kuma ranar 1 ga Yuli, 2026 ce iyakar wa'adin da ta bari ga masu tsohuwar rajista. Ta raba jari gida uku: Yuro 50,000 ga masu ba da shawara da isar da odar ciniki, 125,000 ga masu ajiya da musaya, 150,000 ga mai gudanar da dandalin ciniki. Ta kuma wajabta ofis a ɗaya daga cikin ƙasashen tarayyar, da cewa a can ake tafiyar da kamfanin haƙiƙatan, da aƙalla darakta ɗaya mazaunin can. Ribar ita ce lasisi ɗaya na buɗe kasuwar ƙasashe 27. Ga wanda abokan cinikinsa ke Kano da Legas, wannan riba ba tasa ba ce.

Tsibirai da abin da ya biyo baya

Seychelles, da ke Tekun Indiya, ta daɗe tana masaukin manyan dandalin kirifto saboda sauƙin kafa kamfani da ƙarancin tambayoyi. BitMEX da KuCoin da OKX duk a can suka yi rajista. Abin da ya same su ya isa darasi. A 2021 BitMEX ya amince ya biya hukumomin Amurka Dala miliyan 100. A watan Janairun 2025 KuCoin ya amsa laifin gudanar da harkar aika kuɗi ba lasisi a Amurka, ya amince da biyan kusan Dala miliyan 300. Wata guda bayan haka OKX ya amsa irin wannan laifi, kuɗin da aka ɗora masa ya haura Dala miliyan 500. A dukkan shari'o'in, abin da aka duba shi ne inda abokan cinikin suke zaune.

Su ma tsibiran sun sauya hali. Tun ranar 1 ga Satumba, 2024 Seychelles ta wajabta lasisi tare da ofis da darakta mazaunin ƙasar. Tsibiran Virgin na Birtaniya sun riga ta, domin dokarsu ta fara aiki a watan Fabrairun 2023. Mai tura su gaba ita ce hukumar FATF mai mazauni a Paris, wadda a 2019 ta shigar da kamfanonin kirifto cikin ƙa'idojin yaƙi da halatta kuɗin haram. Ƙasar da ta yi sakaci kan faɗa jerin waɗanda ake sa wa ido, kuma daga nan bankunan duniya ke fara ɗari-ɗari da duk kamfanin da ke ɗauke da adireshinta. Tsibiran Virgin sun shiga jerin a watan Yunin 2025. Najeriya, wadda aka saka a watan Fabrairun 2023, ta fita a watan Oktoban 2025.

Dubai, El Salvador da maƙwabta

Dubai ta fi kowane wuri jan hankalin 'yan Najeriya, kuma ba ta taɓa cewa ita mai arha ce ba. Hukumarta ta VARA, wadda aka kafa a watan Maris na 2022, na karɓar Dirhami 100,000 kuɗin neman lasisin dandalin musaya, da wani Dirhami 200,000 duk shekara na sa ido, ban da jari da hayar ofis da albashin ma'aikata. Takardar da ake samu daga yankunan ciniki marasa shinge na birnin ba ta maye gurbin wannan lasisi, ko da dillali ya nuna kamar haka ne. Tun watan Yunin 2023 kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke karɓar harajin kashi 9 cikin ɗari a kan ribar da ta haura Dirhami 375,000.

El Salvador, wadda ta halatta Bitcoin a matsayin kuɗin ƙasa a 2021, ta kafa dokar kadarorin dijital a 2023 tare da rangwamen haraji, har kamfanin Tether ya sanar da komawa can a watan Janairun 2025. Amma a wannan watan ne ƙasar ta sassauta dokar Bitcoin ɗinta domin samun lamunin Dala biliyan 1.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ƙasar da dokarta ke juyawa da buƙatar bashi na iya sake juyawa gobe. A Afirka kuwa, Mauritius na da dokar lasisi tun 2021, Afirka ta Kudu ta fara karɓar takardun neman lasisi a 2023, Kenya kuma ta samu tata dokar a 2025. Kowanne daga cikin waɗannan lasisi a cikin iyakar ƙasarsa yake aiki.

Farashin zama a gida

Najeriya ta yi tafiya mai nisa daga ranar 5 ga Fabrairu, 2021, lokacin da Babban Banki ya haramta wa bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto. An janye haramcin a watan Disamban 2023. A watan Agustan 2024 SEC ta ba kamfanonin Busha da Quidax amincewar farko a ƙarƙashin shirinta na renon sababbin kamfanoni, wanda ya shardanta rajista da ofis a Najeriya da shugaban kamfani mazaunin ƙasar. A watan Maris na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sanya kadarorin dijital a ƙarƙashin SEC ƙarara.

Farashin ba ƙarami ba ne. Ƙa'idojin 2022 sun sa mafi ƙarancin jarin dandalin musaya a Naira miliyan 500. A watan Janairun 2026 SEC ta ɗaga shi zuwa Naira biliyan 2, ta ba da wa'adi zuwa 30 ga Yuni, 2027. Wannan adadi ne ke kora matasa da dama zuwa hannun dillalan ƙetare. Sai dai ƙa'idojin hukumar sun haɗa har da kamfanin waje matuƙar 'yan Najeriya yake nema. Wanda ya biya kuɗin rajista a tsibiri yana tallata hajarsa a Abuja bai kauce wa SEC ba, ƙarin kashe kuɗi kawai ya yi wa kansa.

Haraji ma ya bi sahu. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2026 na ɗaukar kamfani a matsayin ɗan Najeriya idan daga nan ake juya akalarsa, ko a ina aka yi masa rajista. Mai zaune a Gwarinpa yana yanke duk shawarar kamfanin da ke Seychelles yana cikin wannan ma'ana.

Hausawa na cewa arha ba ta ado. Kuɗin rajista shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Manyan su ne jarin da za a ajiye ba a taɓawa, da albashin jami'in kula da bin doka, da ladan lauyoyi da masu binciken asusu duk shekara, da manhajar tantance abokan ciniki. Sama da duka akwai asusun banki, wanda babu dillalin da zai iya lamunce shi. Kamfanin da ya samu takarda amma babu bankin da ya yarda ya buɗe masa asusu ba zai iya karɓar ko sisi ba.

Abin da ya shafi ma'aikacin gwamnati

Ga mai cin albashin gwamnati akwai shingen da ya riga duk waɗannan. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin cikakken lokaci shiga gudanar da duk wata sana'a mai zaman kanta, in ban da noma. Ya hana shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu da ministoci da kwamishinoni da 'yan majalisa riƙe asusun banki a ƙetare, dokar Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kuma ta faɗaɗa hanin zuwa jami'an da ta lissafa. Ya wajabta bayyana kadarori a farkon kama aiki da duk bayan shekara huɗu, hannun jari a kamfanin ƙetare kuwa kadara ce. Jadawalin ya kuma toshe hanyar da aka fi bi, domin ya ce wanda ya aikata abin da aka hana ta hannun wakili ko amintacce, daidai yake da wanda ya aikata da kansa. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata na da ikon raba mutum da muƙaminsa, ta hana shi riƙe wani har tsawon shekara 10, ta kuma ƙwace dukiyar da aka samu ta haramtacciyar hanya.

Sirrin tsibirai ma ya daina zama abin dogaro tun bayan bankaɗar Takardun Panama a 2016 da Takardun Pandora a 2021, waɗanda suka fito da sunayen jami'an Najeriya da dama. Hadimin da aka ce ya ba da sunansa a matsayin darakta, shi ne sunansa zai fara bayyana idan an zo bincike.

Mai ƙaramin jari yana da wata hanya: ya gina manhajarsa a kan kamfanin da ya riga ya samu amincewar SEC, ta yadda kamfanin ne zai riƙe kuɗin jama'a, shi kuma ya tsaya kan fasaha da neman kasuwa, bayan lauya ya tabbatar masa da rukunin da aikinsa ya faɗa. SEC na wallafa sunayen kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta na intanet, kuma dubawa kyauta ce.